Falwaya Goma Sha Biyu, Gwangwani Ɗaya

Saratu, ke kika matsa mini in rubuta tarihina, kika sayo mini littafi mai baƙin bango da biro har uku, kamar mai shirin zama jarrabawa. Na rubuta miki yarintata a gindin dutse, na rubuta golmo, noman neman aure na mutanenmu, da shiga soja, kin karanta kin sha dariya. To, wannan babin ba na dariya ba ne. Ki karanta shi a zaune, sannan ki karanta wa 'yan uwanki Bitrus da Ladi, tun da su ko Hausar ma sai a hankali, balle yarenmu C'lela da suka bari a ƙofar makaranta. Maganar falwayoyin nan ce na hanyar rijiyar burtsatse, waɗanda kuke wucewa duk sanda kuka zo gida, ɗaya koriya shar da sunan yayanku a jiki, sauran goma sha ɗaya kuma tsirara. Kun san labarin yadda aka ba ku shi. Ni na ba ku shi, kuma ba daidai na ba ku ba.

Kun san ni mai fenti ne tun a bariki. Wasu sun fita soja da lambar yabo, ni na fito da tari da ƙamshin tina, ruwan tsinka fenti, a hanci. Shekaru na yi a wurin gyaran motoci ina shafa wa manyan motoci kore, kuma a nan na koyi cewa ƙarfe ba iri ɗaya ba ne. Baƙin ƙarfe, irin na ƙofa da taga, yana tsatsa, amma yana son fenti. Ka goge shi, ka shafa masa jan faraima, wato shafin farko da ke riƙe fentin sama, shi ke nan ya kama. Alminiyam kuwa ba ya tsatsa, amma ba ya karɓar baƙo. Yana da wata farar fata a jikinsa da ido ba ya gani sosai, in ka goge ta da safe, kafin la'asar ta dawo. Sai ka wanke shi da garin sabulu, ka ɗauraye, ka bi shi da samfefa har ya daina sheƙi, ka share da tina, sannan nan take ka shafa masa nasa faraima, wani ruwan ɗorawa mai tsami a hanci, wanda ke cizon ƙarfen ya shiga jikinsa. In ka sa masa ja irin na ƙofa, zai yi kyau ranar da ka gama. Damina ɗaya ta ishe shi ya saɓule. Na san wannan kamar yadda na san sunana, ku riƙe shi a ranku kafin in ci gaba.

Bawa kuwa ba sai na gabatar muku da shi ba, amma jikoki za su karanta. Tare muka yi golmo, muka yi shekaru muna noma gonakin surukanmu kafin a ba mu mata, yau a gonar uban Tani matar Bawa, gobe a ta uban mamanku Rifkatu. Ranar da kunama ta harbe ni a gonar surukina, shi ya ƙarasa noman kunyar da nake kai don kada a ce na gaza. Tare muka shiga soja, tare muka dawo Zuru da fansho da ciwon gwiwa. Ɗansa Dauda da ɗana Yohanna a tsakar gida ɗaya suka koyi tafiya, su ma suka bi mu kaki, don a unguwarmu yaro bai san wata hanya ba. Aka kai su arewa maso gabas. Dauda ya riga tafiya, Yohanna ya bi shi bayan wata bakwai. Ba a kawo mana gawa ba, ko ɗaya. Abin da aka kawo mini takarda ce, da jaka mai ɗauke da takalmi da bargo da wani cokali da ban ma tabbata nasa ba ne. Gida goma sha biyu a unguwarmu aka kai wa irin wannan jakar a cikin 'yan shekaru, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci. Babu mai kabarin da zai je ya tsaya a kai.

Sai wani babban hafsa mai ritaya, ɗan unguwarmu da ya daɗe da komawa birni, ya aiko da fitilun sola goma sha biyu da falwayoyinsu na alminiyam, a kafa daga bakin titi zuwa rijiyar burtsatse. Matan unguwa ne suka kawo shawarar da ta fi fitilun kansu. Suka ce a shafa wa kowace falwaya koren soja, a rubuta sunan yaro ɗaya da fari, daidai inda ido zai kai. Tani ce ta faɗa a taron, tana tsaye tana murza bakin zanenta.

"Ba mu da inda za mu zuba ko ruwa," in ji ta. "A ba mu ƙarfen nan mu riƙa taɓawa in za mu ɗebo ruwa."

Babu wanda ya yi musu. Aka naɗa Bawa shugaban kwamiti, aka ce aikin fenti na Saja Ishaya ne, wa kuma? Aka jibge falwayoyin a tsakar gidanmu a kan bulo. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Tun zuwan jakar nan ban ji hannuna yana son yin wani abu ba sai ranar.

Matsalar ita ce babban mutum ya ce zai zo hutun Ista ya buɗe da kansa, saura mako biyu. Na zaga duk shagunan fenti na Zuru, na hau mashin har Mahuta, na aika Dirin Daji, babu mai faraiman alminiyam. Wani mai shago ma dariya ya yi mini, ya ce Baba, faraima ai faraima ne. Na dawo na tara kwamiti a ƙarƙashin mangwaronmu na yi musu bayani tiryan-tiryan. Na ce a jira, a aika Kaduna, ko da bayan Ista ne. Suka dube ni kamar na ce a ɗaga ranar Istar kanta.

"Saja," in ji Bawa, "mutumin nan sau ɗaya yake zuwa a shekara. In ya zo ya tarar da ƙarafa a kwance, da wane ido za mu dube shi?"

"Da idon da za mu dubi matan nan in sunayen sun zube," na ce.

"Kai dai ka cika tsanani. Ba jan nan ka sa wa ƙofar coci ba? Shekara nawa yanzu?"

"Ƙofar coci baƙin ƙarfe ce."

"Ka yi da abin da ke hannu. In ya lalace mu sake. Ni na ce ka yi."

Ciwon bariki ne yake damunmu duka, na gane daga baya. Mun saba in babba zai zo duba, a shafa wa duwatsu farar ƙasa, a shafa wa gindin itace, ya wuce a mota ya gyaɗa kai, gobe ruwa ya wanke, babu mai tambaya. Tsofaffin sojoji shida muka zauna a wurin, kowa da furfura, amma da aka ce babba na zuwa sai duk muka koma kurata. Na ce to. Na sayo ja. Amma ban daina nema ba, na buga waya ga wani abokin aikina na da da ke ƙera bodin mota a Kaduna, na ce ko galan ɗaya ne ya taimake ni.

Kwana huɗu kafin Ista direban bas ya miƙo mini ƙunshi a tasha. Na buɗe na ga ba galan ba ne. Ragowar aikinsa ce ya juye mini a gwangwanin madara, ya rufe bakin da leda ya ɗaure da roba. Na kwance na shinshina, shi ne, tsamin nan ya doki hancina. Na sa shi a aljihun riga na hau mashin. Gidan Bawa yana kan hanya, yana ma zaune a ƙofa yana gyara ƙotar fartanya, ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa, ban ce wa mai mashin ya tsaya ba.

Washegari ranar kasuwa ce, unguwa ta watse tun da hantsi. Na riga na wanke falwayoyin duka, saura gugar ƙarshe da shafi. Na jawo guda ɗaya gefe, wadda ta fi miƙewa, babu ko lotsawa a jikinta. Na bi ta da samfefa daga sama har ƙasa har yatsuna suka yi baƙi, na share ta da tina sau biyu. Mamanku ce ke riƙe mini kan falwayar tana juyawa in na ce juya. Da na buɗe gwangwanin ta ga kalar, sai ta tsaya.

"Baban Yohanna, wannan ba irin jan da ka sayo ba ne."

"Juya," na ce.

"Na sauran fa?"

"Na ce ki juya, zai bushe a burushi."

Ta juya. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba, ko a bariki, ko a gaban wani kanar. Siriri na shafa shi, ba ɗigo, ba inda burushi ya tsallake, tun daga inda fitila ke zama har inda za a binne a kankare, har wurin da ƙasa za ta rufe ba wanda zai gani. Na lashe gwangwanin tas da burushi. Ina shafawa ina ganin ƙafafun yaron nan sanda yake ƙarami, in na yi masa wanka a daro yana ƙyalƙyala dariya. Ban samu na wanke gawarsa ba, wannan na samu. Da ya bushe kuma, sai na yi abin da ya fi komai muni. Na ɗauko jan faraima na bi ta kai, don ta zama daidai da sauran a ido. Na jefa gwangwanin a masai. Mamanku tana kallo, ta je ta ɗora tukunya.

Sauran goma sha ɗaya na goge su, na share su, na shafa musu ja, ina sane da abin da nake yi. Kore sau biyu, da sassafe kafin ƙarfe ya ɗau zafi, don bazara ce. Na yanka haruffa a kwali na buga sunayen da fari. Hannuna bai yi rawa a kan sunan Dauda ba, na lura da hakan, kuma har yau ina jin haushin hannun nan.

Ranar buɗewa an yi rumfa, an yi ganga, Fasto ya yi addu'a, liman ya yi. Babban mutum ya yanke ƙyalle, ya ɗauki hoto a gindin falwaya ta farko, ya karanta suna biyu ya yi kuskure a ɗaya, ya shiga mota. Bai ƙara zuwa ba. Mu muka rage da matan. Kowace ta nemi tata ta tsaya. Tani ta ɗora tafin hannunta a kan sunan Dauda, ta daɗe a haka. Da ta juyo ta gan ni, ta zo ta durƙusa, mace mai jikoki.

"Baban Yohanna, Allah ya saka maka. Ka ba ni wurin zuwa."

Na ce amin. Bakin nan nawa ya ce amin.

Ruwa ya sauka a kan kari. Da farko ƙuraje suka fito a jikin fentin, ƙanana. Na riƙa bin hanyar da sassafe ina dannawa da yatsa, kamar hakan zai mayar da su. Da marka ta kama, rana ta buga ruwa ya jiƙa, sai ya fara tsagewa yana naɗewa. Yara masu zuwa ɗiban ruwa suka gano yana ɓarewa kamar ɓawon rogo, suka mai da shi wasa. Kafin a yanke dawa, wani sunan saura harafi biyu, wani babu komai. Na Dauda ya fita ne gaba ɗaya a falle guda, Tani ta tsince shi a ƙasa ta kai gida ta sa a cikin Littafi Mai Tsarki. Falwayar Yohanna kuwa ko ƙwarzane babu. Ruwa ma wanke ta yake yi, tana ƙara haske.

Mamanku ta ce wa matan zumuntar coci ikon Allah ne. Wasu suka yarda, har wata ta ce Yohanna yaron kirki ne shi ya sa. Na ji wannan maganar na kasa cin tuwo. Sai wata safiya Bawa ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin falwayar Yohanna da 'yar wuƙarsa ta yankan goro, Tani na tsaye a bayansa da bokiti. Bai gaishe ni ba. Ya tsuguna da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya kankare kaɗan a ƙasa. Kore, ja, sai ruwan ɗorawa. Ya miƙe ya taka zuwa ta Dauda, inda ɗan fenti ya rage a gindi, ya kankare. Kore, ja, sai ƙarfe. Ya goge wuƙar a wandonsa ya naɗe ta.

"Ka samu ke nan," ya ce.

"Kaɗan ne. Cikin gwangwanin madara."

"Yaushe?"

"Kwana huɗu kafin Ista."

"Ranar da ka wuce ni a mashin."

Na so ya zage ni, na so ya ɗaga hannu, mun tsufa amma da na tsaya ya mare ni. Sai na kama kare kaina, na ce ai na gaya muku a ƙarƙashin mangwaro, kai ka ce in yi da abin da ke hannu. Ya gyaɗa kai.

"Na ce. Wannan laifina ne, zan ɗauka. Jan da ka shafa a kan ɗorawar fa, shi ma ni na ce?"

A nan ne Tani ta ajiye bokitinta. Ba ta ɗaga murya ba, Tani ba ta taɓa ɗaga murya ba.

"Baban Yohanna, ni ban san aikinku ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ba dukan ƙarfen ba, wurin sunan kawai, kamar tafin hannu biyu. Da ka raba wa yaran duka, da ya isa?"

"Ba zai isa ba, Maman Dauda," na ce.

Ta dube ni, ta ce to, ta ɗauki bokitinta.

Wannan amsar ita kuka gada. Ita kika riƙe, Saratu, ranar da kika yi faɗa da 'yar gidan Malam Sani, ɗaya daga gidajen nan goma sha biyu, a bakin rijiya, har aka yaga miki riga, kina cewa abu kaɗan ne, kowane uba haka zai yi. Kin dawo gida kina huci, na ce ki yi haƙuri, na bar ki da ita. Na je wurin Bawa na ce zan sake aikin duka, zan je Kaduna da ƙafata. Ya ce hannuna ba zai ƙara taɓa sunan ɗansa ba, sauran gidajen ma suka ce haka. Suka ɗauko wani mai fenti daga wani gari, ya shafa a kan tsohon, damina ta gaba ta kwashe. Daga nan kowa ya gaji. Bawa ya ɗauki ƙusa da guduma ya sassaƙa sunan Dauda a jikin ƙarfen, harafi a karkace, yana nan har yau in kun duba da kyau. Ni kuma babu wanda ya ƙara kira na ko fentin ƙofar shago a unguwar nan. Mamanku ta daina zama a layin gaba a zumuntar mata, ta koma baya kusa da ƙofa, a nan ta zauna har ta rasu. Ba ta taɓa yi mini gori ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sau ɗaya na ɗauki samfefa da tina zan je in kankare ta Yohanna, ta zama daidai da sauran. Mamanku ta tare ƙofa.

"Yaron bai yi wa kowa laifi ba," ta ce. "Ka bar shi. Kai ka riƙa ganinsa."

Ina ganinsa kuwa. Babu hanyar fita daga gidan nan da ba ta bi ta gabansa ba. Fitilun sun mutu tuni, batir ya ƙare babu mai canzawa, amma fentin nan ko dishewar kirki bai yi ba. Baƙi in sun zo sukan tsaya su ce wane ne ya yi wannan aikin, ya iya. Bawa ya yi shekara shida yana gaishe ni gaisuwar hanya, sannu, yauwa, kamar mutumin da ya sani a tasha. Mutumin da ya ƙarasa mini kunya a gonar surukina. Da ya kwanta ciwon ajali na je, aka ce yana barci. Ina jin tarinsa daga zaure.

Ina jin haushin babban mutumin da ya sa mu gaggawa don hoto. Ina jin haushin waɗanda suka aiko mini da cokali a madadin ɗa. Na yi shekaru ina jin wannan haushin don ya fi sauƙin ɗauka. Amma ba su suka riƙe burushin ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mamanku. A safiyar nan ta ranar kasuwa, kafin in kira ta ta riƙe mini, na tsoma tsinke a gwangwanin na ga zurfinsa. Na auna wurin suna da tafin hannuna a jikin falwaya, na bi su ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyu. Mai fenti ba ya buɗe gwangwani bai san inda zai kai shi ba. Tambayar da Tani ta yi mini bayan wata shida, na riga na yi wa kaina ita a tsaye a tsakar gida, na kuma samu amsa, sannan na jawo falwaya ɗaya gefe.

Tani tana nan da rai, idonta ya tafi amma kunnenta garau. Na yi niyyar zuwa da kaina ya fi sau goma, ina kaiwa gindin falwayar Dauda sai in juyo. Saboda haka, Saratu, in kin zo Kirsimeti, kada ki fara sauka a nan. Ki wuce gidanta da littafin nan, ki durƙusa ki gaishe ta, ki karanta mata tun daga farko, kada ki tsallake komai don ki rufa mini asiri. In kin kai nan ki ɗaga murya yadda za ta ji.

Maman Dauda, da ya isa. Har da saura.